Yadda ake canza karburaton injin yanke ciyawa

Da ruwan farko ya sauka a Yamai cikin watan Yuni, kwana kaɗan sai ciyawa ta taso a gidajen unguwannin Filato da Kwara Kano, da harabar otel-otel da makarantu. Lokacin ne masu kula da lambu ke jawo injin yanke ciyawa daga ɗakin ajiya, su yi ta jan igiya har kafaɗa ta yi tsami, injin ya ce bai san zancen ba. Yawanci laifin na karburato ne. An ajiye injin tun ƙarshen damina da esansi a cikinsa, zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 ya busar da shi, ya bar wani danƙo mai ɗoyi a cikin ƙananan hanyoyin mai. Wanda kuma ake aiki da shi duk shekara, a gidan da ake ban ruwa da tiyo, ƙurar hunturu ce ke cinsa.

Canza karburato ba aikin da sai an kai gareji ba ne. Mai lambu da kansa zai iya gama shi cikin awa guda in yana da natsuwa. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, sabon karburato ba ya warkar da dattin da ya kashe tsohon. In ka ɗaura sabo a kan tanki mai ƙasa da ruwa, da tiyon da ya ruɓe, da matatar iska da ta yage, kafin damina ta raba za ka koma kasuwa. An gudu ba a tsira ba ke nan.

A fara tabbatar da cewa shi ne

Aikin karburato haɗa iska da esansi ne, kusan kashi 15 na iska da kashi 1 na esansi in an auna da nauyi, ya tura wa injin. A ƙarƙashinsa akwai ƙoƙo da esansi ke taruwa. A cikin ƙoƙon akwai wata roba mai tasowa a kan mai, ita ke tura allura ta rufe hanya in ƙoƙon ya cika. Daga nan esansi ke hawa ta wata ƙaramar kafa a jikin notin tagulla, kafar da ba ta fi idon allurar tela ba. Ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta toshe ta.

Kafin ka kashe ko dala, duba abubuwa uku. Zubar da tsohon esansi ka sa sabo. Kwance buji ka duba bakinsa: in ya yi baƙi ƙirin ko ya jiƙe, goge shi, ka mai da masa hularsa, wato robar bakin wayar wuta, ka ɗora ƙarfensa a jikin injin nesa da raminsa, wani ya riƙe sandar birki, wadda ake matsewa a hannun turawa, ya ja igiya. Kana neman tartsatsi shuɗi mai ƙarfi. Tazarar bakin buji a irin waɗannan injuna tsakanin milimita 0.7 ne da 0.8. Na uku, cire matatar iska ka gwada tayar da injin sau ɗaya ba tare da ita ba, don matatar da ta toshe kan shaƙe inji har ya ƙi tashi.

In duk wannan bai yi ba, ga gwajin da ke raba gardama. Zuba esansi kamar rabin ƙaramin cokali a maƙogwaron karburato, ka kawar da kwalbar nesa, ka ja igiya. In injin ya tashi ya yi daƙiƙa biyu ko uku ya mutu, to wuta lafiya, injin lafiya, mai ne ba ya isowa. Saura ka zare tiyo daga karburato ka ga ko esansi na zubowa sosai daga tanki. In yana ɗiga-ɗiga, sassauta murfin tanki ka gani, domin murfin yana da ƴar kafar shan iska, kuma ƙura kan toshe ta. In esansi na zuba yadda ya kamata amma injin ba ya samu, an kama mai laifi.

Sauran alamun su ne injin da ba ya aiki sai an bar cok, wato faifan da ke rage iska lokacin tayar da inji, a rufe, da wanda ƙararsa ke hawa da sauka ba tsayawa, da mai baƙin hayaƙi, da wanda esansi ke tsiyaya daga ƙoƙonsa yana ajiye.

Ba kowane karburato ne ake jefarwa ba. Ni a ganina a fara gwada wanki, musamman in na asali ne da ya zo da injin, don sau da yawa ya fi na kasuwa inganci. Amma in ka kwance ƙoƙo ka tarar da farin gari ya ci ƙarfen ya yi ramuka, ko sandar da ke juya faifan wuta, wanda ke ƙara ko rage abin da ke shiga injin, tana girgiɗi a mazauninta, ko zaren noti ya cinye, ko jikin na roba ne ya tsage, ko an wanke sau biyu bai canza hali ba, a nan canji ya wajaba.

Sayen wanda ya dace

Nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗi. Sunan da ke rubuce a jikin keken, wato gangar mai tayoyi da injin ke zaune a kai, ba shi ne sunan injin ba. Injin kansa za ka duba. Waɗanda aka fi gani su ne Briggs & Stratton na Amurka, da Honda irin su GCV160, da na ƙasar Sin da aka ƙera a kan tsarin Honda. A Briggs akwai jerin lambobi uku da aka buga a jikin ƙarfe, ko dai a murfin balob, ko a saman salansa, ko kusa da buji. Jeri na uku yana farawa da shekarar da aka ƙera injin. A Honda lambar tana gefen jikin injin. Shi kansa karburaton yakan zo da suna da lamba: Keihin a Honda, Walbro ko Nikki a wasu Briggs, Huayi ko Ruixing a na Sin. Ɗauki hoton duk waɗannan da wayarka.

Amma abin da ya fi hoto shi ne ka cire tsohon ka tafi da shi kasuwa, ko Katako ko shagunan masu sayar da kayan injin ban ruwa da na janareto. Mai shago zai iya ce maka, “Ai duk ɗaya ne, maigida, sa shi kawai.” Ka ce masa, “Alhaji, a yi haƙuri, bari mu jera su mu gani.” Ka ɗora su gefe da gefe. Tazarar ramukan noti biyu ta zo daidai? Faɗin maƙogwaro ɗaya ne? Bakin da tiyon mai ke shiga yana kallon gefe guda? Hannun faifan wuta da ƴan ramukansa suna wuri ɗaya? Cok ɗin na hannu ne, ko mai buɗe kansa in injin ya yi zafi, ko kuwa injin na da ƙwallon roba da ake dannawa kafin a ja igiya? Karburaton injin ban ruwa irin GX160, wanda masu albasa ke aiki da shi daga bakin kogi har Galmi, yana kama da na GCV160 a ido, amma ba ya zama a madadinsa. Ku yi yarjejeniya da mai shago cewa in bai hau ba za ka dawo da shi.

Kada ka baro kasuwa ba tare da sababbin juwan ba, wato takardun nan masu kauri da ke shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada iska ta sata hanya. Ka haɗa da tiyon mai irin faɗin naka, da ƴar matatar esansi da ake sawa a tsakiyar tiyo, da matatar iska.

Kayan aiki ba su da yawa: kile mai lamba 10 da mai lamba 8, kilen buji, turnabis mai baki ɗaya da mai baki huɗu, filaya mai dogon baki, tsumma mai tsabta, farar kwalba, da faranti ko murfin bokiti na zuba notina.

Kwancewa

Yi aikin a waje, a inuwa, a kan siminti ko shimfiɗaɗɗen kwali. In resor ya faɗa cikin rairayin Yamai, sai dai ka yi haƙuri da shi. Injin ya huce sarai. Babu taba, babu murhun shayi a kusa, yara su ja baya.

Abu na farko, kuma ba a tsallake shi: zare hular buji ka kawar da wayar gefe. Wuƙar da ke ƙarƙashin keken a manne take da sandar injin, in ta juya injin na iya tashi, kuma yatsu ba sa tsirowa. In da hali kada ka karkata keken. In ya zama dole, gefen matatar iska ya kalli sama, in ba haka ba man inji zai malalo ya jiƙa matatar ya shiga karburato.

Rufe makunnin esansi in injin na da shi. In babu, juye abin da ke tanki cikin farar kwalba ta hanyar tiyo. Ajiye kwalbar minti goma ka duba gindinta a hasken rana. In akwai ruwa za ka gan shi ya kwanta a ƙasa, ya ware daban yana mirginawa in ka karkata kwalbar, da jan rairayi a tare da shi. Abin da ka gani a nan shi ne abin da karburatonka ya daɗe yana sha.

Goge ƙurar da ke kewaye da wurin kafin ka buɗe komai. Sai ka cire murfin matatar iska da matatar kanta. Za ka ga notina biyu ko uku riƙe da gidan matatar. A Honda da danginsa, dogayen notina biyu masu kan lamba 10 su ne suka ratsa gidan matatar, da karburato, da juwan-juwan, har cikin kan injin, saboda haka da ka zare su komai zai saki lokaci guda. Tsaya tukuna. Kafin ka taɓa su, ɗauki hoto daga sama, daga gefe, da kuma kusa-kusa inda ƴan sanduna da resor suka maƙale. Hoton nan shi ne malaminka lokacin mayarwa.

Yanzu kwance notinan, hannu ɗaya na tallafe da karburato. Bayan gidan matatar akwai wani baƙin tiyo mai fitowa daga jikin injin, na numfashin akwatin man inji ne, zare shi a hankali. Duk abin da ya fita, jera shi a kan kwali bi da bi yadda ya fito, fuskar da ke kallon injin tana ƙasa. Wasu injunan suna da juwan uku ko huɗu, da wata roba mai kauri da ke hana zafin injin isa ga karburato, da faifan kare zafi. Kowane yana da gurbinsa da fuskarsa.

Matse ƙarfen da ke riƙe bakin tiyon mai da filaya ka ja shi baya, ka murɗa tiyon kaɗan kafin ka ja. In ya ƙafe ya ƙi fita, yanke shi, tunda ma sabo za ka sa.

Saura sandunan gwamna, kuma a nan nake roƙon a tafi sannu. Gwamna shi ne abin da ke daidaita gudun injin: in wuƙa ta shiga ciyawa mai kauri ya ƙara wuta, in ta fito ya rage, don gudun ya tsaya wajen zagaye 3,000 a minti. Wata siririyar sanda ce ke haɗa hannunsa da faifan wuta na karburato, bakinta a lanƙwashe. A injuna da yawa akwai wani siririn resor da ya bi jikin sandar, shi ma yana da ɗan raminsa daban. Fara cire resor ɗin da filaya ba tare da ka miƙe shi ba. Ita sandar ba a fizge ta. Karburaton za ka karkata, ka juya shi har lanƙwasar ta zame ta fita da kanta. In akwai sandar cok, haka ita ma. Kada ka lanƙwasa komai, kuma kada ka kusanci notin da ya ɗaure hannun gwamna a jikin injin. Wanda ya kwance shi ya jawo wa kansa wani aiki daban, garin neman gira a rasa ido.

Da karburato ya fita, cusa tsumma mai tsabta a ramin da ya bari. Kankare ragowar tsohon juwan da farce ko guntun roba mai tauri. Wuƙa tana karce alminiyo, kuma kowane karce hanyar iska ce.

Akwai tsofaffin Briggs da karburatonsu na roba ke zaune a kan tanki, ba shi da ƙoƙo. Su ana ciro su ne tare da tankin, a kwance sukurori biyar, kuma sau da yawa ƴar fatar robar da ke tsakaninsu ce kawai ta saki. A canza ta a gwada kafin a sayi sabon karburato.

Tanki da tiyo, kafin sabo ya hau

Zuba esansi mai tsabta kaɗan a tanki, ka girgiza, ka zubar, ka maimaita har abin da ke fita ya zama garau. In tankin na fita da sauƙi, ciro shi ka wanke da kyau ka shanya ya bushe ƙayau. Yanka sabon tiyo daidai tsawon tsohon, ka sa ƴar matatar esansi a tsakiya, kibiyar da ke jikinta na nuna wajen karburato. Tiyon kada ya naɗe, kada ya taɓa salansa. Tsohon tiyo yana iya yin kyau a waje alhali cikinsa na marmashewa, baƙin garinsa kuwa kai tsaye yake tafiya ƙarƙashin allura.

Zare sandar awon man inji ka sansana. In tsohon karburato ya daɗe yana tsiyaya, esansi kan gangara ya haɗu da man, za ka ji warinsa, ka ga man ya tsinke ya haura alama. Irin wannan a juye shi a zuba sabo, SAE 30 ko 10W-30. GCV160 ɗan fiye da rabin lita yake ci. Waɗannan injuna man inji daban, esansi daban, ba a haɗa su a tanki.

Ɗaurawa

Cire tsumman da ka cusa. Da yawa kan manta shi. Maƙala sandar gwamna a ramin da hoto ya nuna tun karburato na hannunka, don bayan an ɗaure ba za ta shiga ba. Sai siririn resor, sai sandar cok. Jera sababbin juwan yadda tsofaffin suke a kan kwali. Lura da kyau: ban da babban rami da na notina, wasu juwan na da wata ƴar kafa ƙarama da dole ta dace da irinta a fuskar karburato. In ka juya shi baibai ka toshe ta, injin zai tashi amma ba zai zauna ba. Kada ka shafa gam ko wani manne, juwan a bushe yake aiki.

Hanya mafi sauƙi a injin mai dogayen notina ita ce ka zura notinan ta gidan matatar, ka jera komai a kansu ɗaya bayan ɗaya, sannan ka kai su bakin injin gaba ɗaya. Fara ɗaurawa da yatsu. In noti ya yi tauri tun zagayen farko, ya hau karkace ne, warware ka sake. Sannan ka ɗaure da kile, wannan kaɗan, wancan kaɗan, har su zauna daidai. Da ka ji ya kama, ƙara ɗan kaɗan ka tsaya. Zaren alminiyo ne, ba ya jure ƙarfin damtse. Mai da tiyon numfashi, ka sa tiyon mai da maƙalinsa.

Kafin ka rufe, taɓa hannun gwamna da yatsa. Ya kamata faifan wuta ya buɗe ya rufe ba cijewa, resor ya dawo da shi. Cok ma ya rufe ruf, ya buɗe sarai.

Matatar iska in ta takarda ce ba a wanke ta, ba a kuma hura ta da iska mai ƙarfi. A bubbuga ta, in ta yi duhu ko ta yage a sa sabuwa. In ta soso ce a wanke da sabulu, ta bushe, a ɗiga mata man inji kaɗan a matse ya ratsa. Masu ƙera injin kan ce a duba ta bayan awa 25 na aiki, kuma a ƙara yawan dubawa a wuri mai ƙura. A garinmu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ni dai shawarata a buɗe ta duk ranar da aka yi aiki.

Tayarwa da sauraro

Zuba sabon esansi, ka buɗe makunni, ka ba ƙoƙo minti biyu ya cika. Shafa yatsa ƙarƙashinsa da bakin tiyo. In da danshi kada ka ja igiya. In esansi na fitowa ta maƙogwaro, allura ce ba ta zauna ba, ƙwanƙwasa ƙoƙon a hankali da ƙotar turnabis, yawanci takan zauna. In ta ƙi, rufe makunni ka buɗe ƙoƙon ka duba.

In ko'ina a bushe yake, goge abin da ya zube, ka tura keken nesa da wurin, kan fili mara tsakuwa. Mai da hular buji, rufe cok ko ka danna ƙwallon roba sau uku, riƙe sandar birki ka ja. Ja biyu ko uku ya isa. Kada a tayar da shi cikin ɗaki ko gareji a rufe, hayaƙinsa na kisa.

Ba shi minti biyar ya yi zafi kana saurare. In ya zabura da ihu fiye da yadda ka san shi, saki sandar birki nan take, sanda ko resor ya shiga ramin da ba nasa ba, koma ga hotonka. In ƙararsa na hawa da sauka, iska ce ke shiga ta juwan, ko an juya ɗaya, ko notina ba su zauna daidai ba. Baƙin hayaƙi na nuna cok bai buɗe duka ba, ko soson ya sha mai da yawa. Farin hayaƙi na ɗan lokaci man da ya malala ne yake ƙonewa, zai wuce. Mafi yawan sababbin karburato an daidaita su tun daga masana'anta, don haka kada ka hau murɗa sukurori. In ya zauna da murya ɗaya, shiga da shi ciyawa mai kauri ka ji ko gwamna na ƙara wuta.

Game da esansi, na gidan mai ya fi kwanciyar hankali. In dole ta sa ka sayi na kwalba a bakin hanya, bar shi ya kwanta, ka tace da ƙyalle mai tsabta, ka bar na gindin kwalbar. Kada ka ajiye fiye da abin da za ka ƙarar cikin wata guda, don daga nan yake fara lalacewa, a zafinmu ma ya fi sauri. Idan damina ta wuce za a jingine injin, rufe makunni ka bar shi yana aiki har ya mutu da kansa, ka kwance ɗan notin da ke gindin ƙoƙo ragowar ta tsiyaye, ka juye tanki, ka lulluɓe keken da buhu. Tsohon karburaton kuma a wanke shi a ɗaure cikin leda, domin ƙoƙonsa da allurarsa da notin tagullarsa kan yi amfani, kuma shi za ka riƙa zuwa kasuwa in wata rana an sake neman irinsa.